Kukan Boris da Warin Kuloci

 Yau da direbobi za mu yi magana.

Idan kana tafe ka ji gurnani daga wajen taya, yana ƙaruwa da gudu, yana sauya murya in ka karya kwana, to zargi boris. Ɗaga motar da jak, kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga. In ta yi kwal-kwal, ko ka juya ta ka ji tana gurza, boris ya cinye. Ramukan hanya, lodin wuce kima da ruwan damina da ke wanke giris su ne ajalinsa. Sakaci da shi kan sa taya ta fice ana tsakiyar gudu.

Shi kuwa kuloci, in ka taka totur inji ya yi ta ruri amma mota ba ta ja, ga warin ƙauri, farantinsa ya suɗe. Gwajin ba wuya: ja birkin hannu, sa giya ta uku, ka saki kuloci a hankali. In inji bai mutu ba, sai gareji. Yawanci ɗora ƙafa a kansa cikin cunkoso ne ke cinye shi.

Tunda sai an sauke giyabos kafin a gyara kuloci, ka sa bakanike ya canja faranti, murfi da boris ɗin kuloci gaba ɗaya, kada ka biya kuɗin aiki sau biyu. In za a yi sayayya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka kuma, a duba kaya da kyau, domin araha ba ta ado.

Allah ya tsare hanya.