AMSOSHIN WASIƘUNKU: Agogon Da Aka Ce Yana Nuna Inda Yaro Yake

   

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani dattijo manomi a Ƙaramar Hukumar Faskari, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce ɗansa zai koma makarantar kwana, shi kuwa hankalinsa bai taɓa kwanciya ba tun daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka yi daji da su. Ran kasuwa sai wani mai talla ya nuna masa agogon hannu, ya ce in yaro ya ɗaura, duk inda aka kai shi za a gan shi a waya, kuma agogon yana gane mai shi ta bugun zuciya. Shi ne yake tambaya, ya sayar da masara buhu biyu ya saya? Wata baiwar Allah daga Sabuwa ma ta aiko da makamanciyar wannan tambaya.

To Baba, mun gode. Fargabarka tana bisa hanya, don yara 344 aka sako ranar 17 ga watan, bayan kwana shida iyaye ba barci. Amma kafin ka buɗe rumbu, bari mu rabe maganar gida biyu, domin sanin inda mutum yake daban, sanin ko shi wane ne daban.

Na farko, sanin wuri. Akwai taurarin ɗan'adam na Amurka da ake kira GPS, suna shawagi sama da kilomita 20,000 daga doron ƙasa. In agogon ya kama saƙon huɗu daga cikinsu, sai ya lissafa inda yake. Wannan gaskiya ne. Sai dai abin da mai talla bai faɗa maka ba shi ne, agogon kaɗai ya san wurin, kai ba ka sani ba tukuna. Kafin labari ya iso wayarka, dole ya biyo ta layin waya da ke cikin agogon, watau dole sai da sabis. Kai da kanka ka san yadda ake hawa tudu neman sabis a ƙauyukanmu, balle cikin dajin Rugu. Ka kuma tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi wata da watanni ba kira. A irin wannan hali agogon bebe ne. Ga batun caji: irin waɗannan agogo kwana ɗaya zuwa uku batirinsu ke yi. Sa'an nan abin da ke ɗaure a tsintsiyar hannu, ai shi mugu zai fara tsinkewa ya yar.

Na biyu, gane mutum. Shi ma akwai shi, kun ma sha gani. Wanda ya yi rajistar BVN a banki, ko lambar NIN ta ɗan ƙasa, an ɗauki zanen yatsunsa da hoton fuskarsa. A zaɓen 2023 na'urar BVAS da yatsa ko fuska take tantance mai zaɓe, shi ya sa manomin da fartanya ta cinye masa zanen yatsa akan duba fuskarsa. Amma ita na'urar ba duba take yi ba, tana gwada abin da ta gani ne da wanda aka riga aka adana. Shi kuwa agogon kasuwa, 'yar koriyar fitilar da ke bayansa ƙirga bugun jini kawai take yi. In ka cire daga hannun ɗanka ka ɗaura wa maƙwabcinka, haka za ta ci gaba da ƙirgawa, ba ruwanta.

Kada a ce mun kushe abin baki ɗaya. Bayan turmutsutsun Mina na 2015, inda alhazai da yawa suka rasu har da 'yan Nijeriya, aka kuma sha wahalar gane gawarwaki, Saudiyya ta fito da munduwar hannu mai ɗauke da bayanan alhaji a 2016. Haka nan a cikin gari kamar Funtuwa, inda akwai sabis da wurin caji, irin wannan agogo yana iya taimakon tsohon da ruɗewa ta kama, mai fita ya kasa komowa gida.

Akwai kuma wani haɗari da nake so 'yan kasuwa su saurara da kyau. Idon da ke nuna maka inda ɗanka yake, yana iya nuna wa wani. Duk wanda ya san lambar sirrin agogon, ko da yaron shagon da ya haɗa maka ne, zai iya ganin sa'ad da aka bar gida da sa'ad da aka taso daga kasuwar Ɗandume da kuɗin hatsi a aljihu. A zamanin nan na masu kai wa ɓarayi rahoto, kada garin neman gira a rasa ido.

Saboda haka Baba, shawarata ita ce ka bar masararka a rumbu. In ka ga lallai sai ka saya, ka ce a ba ka gwaji tukuna: a tura yaro da shi gonarka mafi nisa, ka zauna a gida ka ga ko wayar za ta nuna. In mai talla ya ƙi, to ka sami amsarka. Ka yi wa yaron rajistar NIN, ka ajiye sabon hotonsa, ya haddace lambar wayarka da ka. Ka je makarantar da ƙafarka ka ga katanga da masu gadi, ku iyaye ku haɗa baki ku tambayi hukuma abin da ta tanada. Tsaron yara aikin jama'a ne da hukuma, agogo ba zai ɗauke mana shi ba.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya kawo mana zaman lafiya.