Jinyar Ƙafar Mai Gudu: Haƙurin da Ake Aiki a Cikinsa



An nemi in yi magana kan yadda mai gudun dogon zango zai riƙe zuciyarsa idan rauni ya zaunar da shi. Maganar ta shafe mu a nan Gaya, domin duk wanda ya fita bayan sallar asuba yana ganin samari suna gudu a bakin kwalta ta hanyar Dosso, wasu don tsere, wasu don shirin shiga soja ko jandarma. Idan ɗayansu ya ɓace daga hanya, ba kasafai ake tambayar halin da yake ciki ba.

Mu fara da ciwon kansa. Raunin mai gudu yawanci sannu yake shigowa. Mutum ya ƙara nisa farat ɗaya, da takalmin da ya cinye, a kan ƙasa mai tauri. Sai agara ta fara ƙagewa: ka sauko daga gado da safe, takun farko kamar an ɗaure maka dunduniya, in jiki ya yi ɗumi ta saki, ka ce ai ta warke. Ko kuma ƙwauri: ka danna wuri guda da yatsa ka ji zafi, ka kasa yin ɗan tsalle da ƙafar. Wannan na iya zama tsagewar ƙashi, wadda kan ɗauki mako 6 zuwa 8 ko fiye, agara kuwa takan ci watanni. A je likita a tabbatar, kada a ce targaɗe ne a yi ta murzawa.

Abin da ya fi karya mai jinya shi ne ganin tsaransa suna wucewa, da jin ana cewa ya zama rago. Kunyar nan ce ke mayar da shi hanya tun ƙafa ba ta nuna ba. Ku dubi Abebe Bikila na Habasha. Ya ci gudun famfalaki a Rum a 1960 babu takalmi, ya sake ci a Tokiyo a 1964. Amma a Meksiko a 1968 ya shiga tsere da ƙashin ƙafa a tsage, bai kai rabin hanya ba ya tsaya. Ƙarfin zuciya ba ya ɗora ƙashi. Duk da haka, bayan wani haɗarin mota ya shanye masa ƙafafu a 1969, a 1970 sai ga shi a kan keken guragu yana gasar harbin baka a Ingila.

Sai ɗan ƙasarsu Kenenisa Bekele. Tsokar sha-raɓarsa ta yage a 2010, ya shafe fiye da shekara bai yi tsere ba. Da ya dawo gasar duniya a Daegu a 2011, bai iya ƙarasa mita 10,000 ba. Makonni kaɗan bayan nan, a Burusel, ya yi gudun da babu wanda ya kamo shi a wannan nisa a shekarar. A 2019 a Balin, yana da shekara 37, ya gama kilomita 42 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 41. Daƙiƙa 2 kacal suka hana shi kamo bajintar duniya ta wancan lokacin.

Darasin shi ne, fata nagari ba ya zama a zuciyar da ba ta da abin yi. Ka ɗauki jinya a matsayin wani zango na horo. Idan likita ya yarje maka, hau keke don numfashinka ya ɗore. Iyo yana da kyau, amma ruwan kogi da na tabki na iya sa tsargiya. Ka ƙarfafa cinya da ƙugu, ka ci kifi da wake da nono, ka sami barci. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ka iya yau wanda ka kasa makon jiya. Ranar da zuciya ta raunana, shi zai ba ta amsa. In ka iya tafiyar rabin awa babu ciwo, fara gudun minti guda kana haɗawa da tafiya, a kan ƙasa mai laushi, kana tsallake rana. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma kada ka ƙaurace wa abokai: je ka riƙe musu agogo da ruwa.

Ku kuma iyaye da masu horarwa, kalmar bakinku magani ce ko dafi. Yaron da ya ce ƙafarsa na ciwo, a saurare shi, a kai shi a duba, a daina yi masa gori. Idan baƙin cikinsa ya hana shi ci da barci, wannan ma ciwo ne da ke buƙatar likita.

Ina roƙon kowa a nan ya nemi matashi ɗaya da rauni ya zaunar a unguwarsu, ya je ya gaishe shi cikin makon nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.