Kukan Tumaki a Gilgal

A sura ta 15 ta littafin 1 Sama'ila, Sarki Saul ya ji umarnin Allah sarai game da Amalekawa. Amma ya bar sarkinsu Agag da rai, ya ware tumaki da shanu masu ƙiba, wai na hadaya ne. Da Annabi Sama'ila ya iso Gilgal, kukan dabbobin ne ya tona asirin. Abin da ke ba ni tsoro, Saul ya tarye shi yana ganin ya cika aiki. Mu ma mun iya wannan a ikkilisiya: baiko ya cika kwano ranar Lahadi, ɗan'uwan da aka ce mu yafe wa kuwa, ko gaisuwa babu.