BATIRIN AJIYAR WUTA NA KWAMFUTA: A KARANTA KAFIN A TAƁA

Muna gaida ɗalibanmu maza da mata a ko'ina suke, musamman na Karofan, da na Buza, da Madawa, da Keita, da sauran garuruwan jihar Tawa. Ku matso kusa da rediyo. Mai littafi ya buɗe littafinsa, mai allo ya ɗauki alli, domin yau akwai ɗan lissafi.

Zancenmu na yau a kan batirin da ke ajiye wuta ne, wanda ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke kuran. Wani zai ce, ni manomi ne, ina ruwana da kwamfuta? To, akwai ruwanka. A ofisoshi da yawa, a kwamfuta ake rubuta takardar haihuwa, da sunayen ƴan lakwal, da lissafin kuɗin ƙungiya. Mai shagon buga takardu ma da ita yake ci. Idan wuta ta yanke farat ɗaya, rubutun da ba a adana ba ya tafi. Wani lokaci ma kwamfutar kanta takan lalace. Sai ka taso daga ƙauye tun da asuba, a ce maka ka dawo jibi. Bayan haka, irin wannan batiri ne ke cikin gidajenmu da yawa, muna cajin salula da shi, muna kunna ƙwai. Ka'idarsu duk ɗaya ce.

Me ya sa muke bukatarsa?

Kamfanin wuta na ƙasa, wato NIGELEC, an kafa shi a 1968. Shekaru da yawa, mafi yawan wutar da yake rabawa daga Najeriya take zuwa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wannan wuta, ba ta maido ba sai cikin 2024. Kowa ya ji a jikinsa. A nan jiharmu, an buɗe tashar wutar hasken rana ta Malbaza a 2018, mai ƙarfin megawat 7. Duk da haka, layi bai kai kowane ƙauye ba. Inda ya kai ma, wuta takan tafi ta dawo, balle da bazara. Shi ya sa ake ajiye wuta, kamar yadda ake ajiye hatsi a rumbu.

Kayan iri biyu ne

Na farko, ƙaramin akwati ne da ake ajiyewa kusa da kwamfuta. A jikin kwalinsa za ku ga an rubuta onduleur ko UPS. Cikinsa akwai ɗan batiri. Idan kuran ya ɗauke, nan take shi zai karɓa, ya fara kuka: ƙit, ƙit, ƙit. Wannan kuka ba kiran ci gaba da aiki ba ne. Cewa yake, adana rubutunka, kashe kwamfutarka. Ƴan mintoci kawai yake bayarwa.

Na biyu, babban batiri ne, tare da na'urar da ke juya wuta, wadda ake kira inbata. Wutar batiri bolt 12 ce. Wutar da kwamfutar tebur ke ci bolt 220 ce, irin ta NIGELEC. Inbata ce ke mai da 12 ta zama 220. Ana cika wannan batiri da kuran, ko da farantin sola. Idan da sola ne, akwai wani ƙaramin akwati tsakanin faranti da batiri, sunansa regilatar. Shi ne mai gadi. Yana hana batiri cika fiye da kima.

Mu karanta abin da ke jikin batiri

Kowane batiri yana da rubutu. Wanda ya iya karanta shi, ba a cutarsa a kasuwa, kuma ba ya cutar kansa a gida. Ku rubuta waɗannan alamu biyar a allo.

Alamar +, irin ta tarawa a lissafi. Nan jar waya take zuwa.

Alamar −, irin ta ɗebewa. Nan baƙar waya take zuwa.

Baƙin V. Shi ne bolt, wato ƙarfin turin wuta.

Baƙaƙen Ah. Su ne girman cikin batiri, wato girman rumbun.

Baƙin W. Shi ne wat. A jikin kayan aiki ake ganinsa. Yana nuna yawan wutar da kayan ke ci.

Yanzu ga lissafi. A ce an rubuta 12V 100Ah a jikin batirinka. Ka ninka 12 sau 100. Ka samu 1200. Wannan shi ne dukan abin da ke cikin rumbu idan ya cika. Amma batirin dalma ba ya son a kwashe shi har ƙasa. Rabi ake ɗiba, a bar rabi, kamar yadda manomi ba ya cinye irin shuka. Rabin 1200, 600 ke nan. Inbata ma tana cin nata ladan. Saboda haka abin da zai iso hannunka wajen 500 ne.

To, a ce kwamfutar hannu tana cin wat 50. Raba 500 gida 50. Ka samu awa 10. A ce kwamfutar tebur da allonta suna cin wat 200. Raba 500 gida 200. Ka samu awa biyu da rabi. A ce kuma wani ya jona dutsen guga mai wat 1000. Rabin awa kawai, rumbu ya koma rabi. Kun ga bambanci?

Shi kuwa ƙaramin akwatin can, sau da yawa batirin cikinsa 12V 7Ah ne. Ninka 12 sau 7, ka samu 84. Ina 84, ina 1200? Shi ya sa muka ce ƴan mintoci ne. Kada a jona masa dutsen guga, ko butar dafa ruwa, ko firji, ko babbar na'urar kwafin takardu. Kwamfuta da allonta sun ishe shi.

Ina za a ajiye batiri?

Abokin gaban batiri na farko zafi ne. Masu ƙera shi suna auna ƙarkonsa a zafin digiri 25. Idan zafi ya ƙaru da digiri 10 a kan wannan, kwanan batirin dalma yakan ragu da wajen rabi. Ku kuwa kun san watan Afrilu da Mayu a ƙasar Adar. Zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Don haka a nemi wuri mafi sanyi a gida. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano. Kada rana ta riƙa dukansa ta taga.

A ɗora shi a kan katako, don kada ruwan damina ya same shi. A tsayar da shi daidai, kada ya karkace. A nesanta shi da yara, da awaki, da kaji.

Abu mafi muhimmanci, wurin ya kasance iska na shiga tana fita. Batiri mai ruwa, idan yana caji, yana fitar da wata iska da ake kira haidirojin. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Idan ta taru ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. Batiri yana iya fashewa, ya watsa wa mutum asid a fuska. Saboda haka, ba taba sigari kusa da shi. Ba ashana, ba fitilar kananzir, ba gawayin shayi. Kada a rufe shi cikin akwati ko tukunya. Kada a sa shi ƙarƙashin gado, ko kusa da rumbu da tarin kara.

Yadda ake haɗawa

Haɗin farko, a kira wanda ya koyi aikin. Amma kai mai kaya, ka tsaya ka duba, domin ka san abin da ya kamata.

Na ɗaya: a cire zobe, da agogo, da awarwaro. Wutar bolt 12 ba ta jan mutum kamar kuran. Amma idan ƙarfe ya haɗa kan + da kan −, nan take zai yi ja kamar a maƙera. Zobe yana iya ƙone yatsa har ƙashi. Kada a taɓa ajiye sifana ko cokali a kan batiri.

Na biyu: jar waya ga +, baƙar waya ga −. A karanta alamar da ido, sau biyu. Idan aka juya su, inbata tana iya ƙonewa kafin ƙiftawar ido.

Na uku: wayar da ke tsakanin batiri da inbata ta zama mai kauri, kuma gajera. Siririyar waya zafi take yi, robarta ta narke, gobara ta tashi. A ɗaure ta da noti tamau. Ba a naɗa ta da hannu a ɗaure da leda.

Na huɗu: a sa fis a kan jar waya, kusa da batiri. Fis ɗan ƙarfe ne da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Ya mutu domin gida ya tsira. Idan ya tsinke, a nemi dalili, a sa sabo irinsa. Kada a cusa ƙusa ko takardar sigari a gurbinsa.

Na biyar: idan da sola ne, batiri ake fara haɗawa da regilatar, sannan faranti. Wajen kwancewa, faranti ake fara cirewa. Kada a ja waya daga faranti kai tsaye zuwa batiri. Faranti ya fuskanci kudu, a ɗan karkace shi, a riƙa goge masa ƙura, musamman da hunturu.

Na shida: wutar da ta fito daga inbata bolt 220 ce, tana kisa. Kada a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Kada a buɗe cikin inbata ko ƙaramin akwatin nan, ko da an zare su daga bango, domin da sauran wuta a ciki. Kuma kada a cusa wutar inbata cikin wayoyin gidan da ke haɗe da NIGELEC, sai ma'aikaci ya sa makunnin da ke raba su. In ba haka ba, wutarka za ta bi layi ta fita waje. Ma'aikacin da ya hau gyara, yana zaton babu wuta, ita za ta kashe shi.

Kulawa

Batiri mai murafu a kansa, a duba ruwansa sau ɗaya a wata. Idan ya ragu, a ƙara tataccen ruwa, wanda aka rubuta eau distillée a jikin gorarsa. Ba ruwan rijiya ba, ba na famfo ba, domin gishirin cikinsu yana kashe batiri. Ba a ƙara asid. Batirin da aka rufe ruf, ba a huda shi don a zuba ruwa.

Kada a bar batiri ya kwana biyu babu wuta a cikinsa. A cika shi da zarar an samu hali. Idan ya kumbura, ko ya yi zafi sosai, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kashe komai, a buɗe ƙofa, a kira ma'aikaci. Batirin litiyom, irin na salula da kwamfutar hannu, idan ya kumbura a daina cajinsa, kada a soke shi. Idan hadari ya taso da tsawa, a kashe kwamfuta, a zare ta daga bango.

Idan asid ya taɓa fata ko ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, minti 15 ko fiye, sannan a garzaya gidan likita. Kada a sa mai, kada a sa kwalli. Idan a ƙasa ya zube, a barbaɗa kanwa ko toka, a kwashe.

Idan batiri ya mutu

Cikinsa dalma ce, dalma kuwa guba ce. Ta fi cutar yara, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. A ƙasar Senegal, a Caroy bakin teku kusa da Dakar, an daɗe ana fasa tsofaffin batura ana cire dalma a cikin unguwa. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu. A Zamfara ma, maƙwabtanmu, a 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka kada a fasa batiri a gida. Kada a narka dalmarsa a tukunyar abinci. Kada a zuba ruwansa kusa da rijiya. Kada a mai da ƙoƙonsa abin shayar da dabbobi. A mai da shi ɗungurungum wajen mai sayen tsofaffin batura. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Aikin wannan mako

Ga tambayoyi uku. Ku tattauna su a aji tare da malaminku.

1. An rubuta 12V 50Ah a jikin batiri. Nawa ne dukan abin da ke cikinsa? Nawa ne rabi?
2. Faɗi abubuwa uku da ba a kusantar batiri da su.
3. Wace waya ce ke zuwa ga alamar +?

Bayan haka, kowa ya nemi batiri ɗaya, a gida ko a shagon cajin salula. Ya kwafi abin da aka rubuta a jikinsa, ba tare da ya taɓa kawunansa ba, ya kawo aji. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma ya karanta kafin ya taɓa, ya tsare kuɗinsa, ya tsare iyalinsa.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.