BA KOWANE ZAZZAƁI NE NA SAURO BA

Ku saurara da kyau.

Da yawa daga cikinmu, da jikin yaro ya yi zafi sai a aika kemis a sayo kulorakwin. To, ku sani tun shekarar 2005 gwamnatin Nijeriya ta daina ba da kulorakwin don zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. Maganin da ya maye gurbinsa shi ne haɗin da ake kira ACT.

Akwai kuma wata illa. A 2008 likitoci daga Kanada sun fitar da binciken da suka yi a ƙauyukan Guyana, can Amurka ta Kudu. Mutanen ba su taɓa samun maganin Cipro ba, amma an tarar da ƙwayoyin cuta a hanjin wasunsu waɗanda ba sa jin maganin. Abin da suka sha da yawa shi ne kulorakwin, wanda dangin Cipro ne. Shi ya sa likitocin suka zarge shi. Cipro kuwa yana cikin magungunan taifot. Kun ga ke nan shan kulorakwin barkatai yana iya raunana maganin da za a nema gobe.

Taifot daban, zazzaɓin sauro daban. Taifot daga bayan gidan mai cutar yake fitowa, ya shiga ruwan sha ko abinci ta hannu mai dauɗa ko ƙuda. Zafin jiki yana hawa kullum, da ciwon kai da ciwon ciki, da zawo ko ƙin bayan gida. Maganin sauro ba ya taɓa shi. In aka yi sakaci har mako na 3, hanji yana iya hujewa, sai tiyata.

Don haka:

1. Yaro ya yi zazzaɓi, a kawo shi asibiti ran nan a gwada jininsa.
2. In an ba da maganin sauro, kwana 3 zafi bai sauka ba, a dawo da shi.
3. A shanye magani duka, ko da yaro ya warware.
4. A tafasa ruwan sha, a rufe randa.
5. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayi, bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci.
6. A zuba kashin yara a masai, a rufe bakinsa.

Rigakafi ya fi magani. Wadda ta ji ta gaya wa maƙwabciyarta. Allah ya raya mana su.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha