Jawabin Bikin Yaye Sabbin Sojojin Ruwa: Tarihin Aikin Jirgin NNS Aradu

Jirgin yaƙin nan NNS Aradu, kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a birnin Hamburg na ƙasar Jamus. An soma aikinsa a watan Disamba na 1978, aka sauke shi cikin ruwa a Janairun 1980. Da fari Republic aka raɗa masa, daga baya aka sauya masa suna zuwa Aradu. Ya iso Legas a ƙarshen 1981, ya kama aiki a Fabrairun 1982, ya karɓi matsayin babban jirgin rundunar sojin ruwan Nijeriya daga hannun NNS Nigeria, wanda aka sauya wa suna zuwa Obuma.

Tsawonsa ya kai kusan mita 125, nauyinsa kuwa ya haura tan 3,000. Shi ne na farko a jiragen samfurin MEKO, waɗanda ake haɗa makamansu ɗaki-ɗaki, yadda za a iya ciro na'ura a sa wata ba tare da an farke jikin jirgin ba. Lokacin da aka ƙera shi, a goshinsa akwai igwa mai bakin milimita 127, yana ɗauke da makamai masu linzami na Otomat, a bayansa kuma fili ne na saukar helikwafta.

Shekarar 1987 ta zo masa da wuya: sau biyu yana kafewa, ya kuma yi karo. An yi masa babban gyara a Legas daga 1991 zuwa 1994. A 1997, lokacin aikin dakarun ECOMOG, ya lalace a Monrovia, ya shafe watanni a can. Abin da ya cancanci yabo shi ne yadda ma'aikatansa suka komo da shi Legas da inji ɗaya tak a 1998, bayan wasu sun riga sun yanke masa ƙauna. Wannan aikin injiniyoyi ne, mutanen da ke can ƙasa cikin zafi da baƙin mai, ba a ganinsu ranar fareti.

An sake tayar da shi, ya je Portsmouth a 2005 wajen cikar shekara 200 da yaƙin Trafalgar, sannan ya ƙetare Tekun Atlantika zuwa Brazil a 2007. Bayan haka ya daɗe a ɗaure a Legas yana jiran gyara, kuma rashin kula a kan kari ya ci masa shekarun da ya kamata ya yi a teku. A 2023 rundunar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin a sabunta shi.