Jawabi ga Makiyaya da Fataken Shanu: Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti?



Dattawanmu na Khartum da Omdurman suna tuna lokacin da ake shiga asibitin gwamnati ba a biya ko kwabo. A shekarar 1992, da gwamnatin Sudan ta sakar wa kasuwa mara, sai aka ɗora wa majiyyaci kuɗin magani da na gwaji. Hujjar hukuma ita ce baitulmali ba zai iya ɗaukar nauyin kowa ba. To, mun ji. Amma nauyin da ta sauke, a kan wa ya faɗa? A kan mai saniya. Yaro ya kwanta, sai ka kora bijimi kasuwar Muwailih ta Omdurman, dillali ya ga idonka ya yi ja, ya karya maka farashi.

A 1994 aka kafa dokar inshorar lafiya, aka fara aiki da ita a jihar Sennar a 1995. An gina ta a kan albashi: kashi 4 cikin ɗari daga ma'aikaci, kashi 6 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Jama'a, makiyayi yana da albashi? A 2016 sabuwar doka ta wajabta wa kowa shiga, Hukumar Zakka kuma ta riƙa biya wa wasu gidajen talakawa. Mu da yau muna nan, gobe muna wajen ruwa, mai rajista bai cika iske mu ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya rufe yawancin asibitocin Khartum. A Omdurman, asibitin Al-Nau na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da karɓar marasa lafiya. Duk tsarin da za a sake ginawa, dole a zauna da mu.

Ba kyauta muke roƙo ba. Muna biyan haraji da zakkar dabbobi. Buƙatunmu uku ne. Na ɗaya, a karɓi kuɗin inshora sau ɗaya a shekara, bayan damina, lokacin da shanu suke da ƙiba. Na biyu, a yi rajista a kasuwar shanu da wajen allurar dabbobi. Na uku, katin ya yi aiki duk inda kiwo ya kai mu.

Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci garke.